Gyaren Batula

Malam Goni kafinta ya haura shekara talatin yana buga ƙusa da guduma a shagonsa da ke jikin gidansa a Ajingi kafin Allah ya hore masa injin iska. Na hannu ne, fentinsa duk ya koɗe, amma ranar da aka sauke shi sai da ya zagaya shi sau uku yana shafawa. Ya ajiye injin a cikin gida, a ɗakin da matarsa Batula ke tara buhunan gyaɗa, ya huda bango ya zaro tiyo zuwa shago. A bakin tiyon nan yake maƙala bindigar ƙusa. Da ya ɗora ta a katako ya latsa, tas! ƙusa ta shige har kai.

Wata huɗu yana shan daɗinsa. Yana tsakiyar haɗa bencina ashirin na wata islamiyya a Toranke sai abin ya fara gardama. Ƙusa uku za su shige lafiya, ta huɗu ta tsaya rabi a waje, ta biyar ko tsayawa ba za ta yi ba. Ya duba agogon da ke nuna ƙarfin iska, ya ga allurar tana hawa in injin na aiki, da ya tsaya kuma ta fara sulalowa ƙasa. Ya tsiyaye ruwan da ya taru a gindin tankin. Ya ɗaure kowace mahaɗa da sifana. Ya bi tiyon yana kara kunne, amma kunnen da ya sha kukan zarto shekara da shekaru me zai ji?

Ranar kwana na goma ya naɗe bindigar a tsumma, ya hau babur sai Gaya, wajen Bubayero mai faci. Tun suna samari suke tare, kuma Babarbare da Bafulatani ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba.

"A'a, Babarbare da bindiga!" in ji Bubayero. "Wa ka zo yaƙa?"

"Kai na zo harbewa, amma ta ƙi tashi. Gwada min ita a injinka."

Aka jona ta. Ƙusa goma a jere, duk suka nutse a wani guntun katako. Bubayero ya miƙa masa ita yana dariya.

"Bindiga lafiyarta ƙalau. Iskarka ce ke gudu a hanya. Ka yi mata ruwan sabulu?"

"Wanki zan yi mata?"

Bubayero ya miƙe. Ya ja ƙofar shagonsa, ya zura babbar rigarsa, ya ɗare bayan babur. "Mu je in koya maka sana'a," ya ce.

A Ajingi suka karɓi bokiti da garin sabulu daga cikin gida, Goni ya shiga ya kunna inji har tanki ya cika. Bubayero ya riƙa shafa ruwan a jikin tiyo da soso, taƙi bayan taƙi, yana cewa duk inda iska ke fita kumfa zai tona mata asiri. Suka gama da ɓangaren shago kaf, ko ɗigon kumfa bai motsa ba.

"Saura na ciki," in ji Bubayero.

Goni ya shiga ya sanar, sannan Bubayero ya biyo shi da sallama. Suka tarar da Batula a ƙofar ɗakin gyaɗa, ta ci ɗamara da mayafi, tsintsiya a hannu ɗaya, silifa a ɗaya.

"Sannu da zuwa, Malam Bubayero, ya iyali? Ka yi haƙuri ka same ni haka. Wani gyare ne ya hana ni sakat a ɗakin nan, yau kwana goma. Na juya buhunan gaba sau biyu, na barbaɗa magani, na zuba toka. Yana nan."

"Wane gyare?" in ji Goni.

"Wanda nake gaya maka kullum, Malam, kana cewa kunnena ne. Kuma shegen wayo gare shi. Sai injin nan ya yi shiru yake ɗauka. Ranar Juma'a da ba ka buɗe shago ba, ko tari bai yi ba."

Bubayero ya tsaya cak. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Can daga bayan buhuna wani siririn kuka na fita, tsiiii, ba ya yankewa ko numfashi. Ya dubi Goni, ya dubi silifan hannun Batula, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Gyaren da ke hutun Juma'a," ya ce da ƙyar. "Uwargida, matsa in gaishe shi."

Suka ja buhu uku na ƙurya. Ga tiyon nan inda ya ratsa bango, ɓera ya ɗan gwaguye shi. Bubayero ya kwara sauran ruwan bokitin gaba ɗaya a wajen.

Kumfa ya taso. Da farko kamar kan ƙullu, kafin a ce me ya kai girman ƙwarya, ya haura bango, ya gangaro kan buhuna. Ƙananan ƙwayoyi suka riƙa tsinkewa suna fita ta ƙofa, suna sheƙi a rana. Wata ta sauka a gemun Goni ta zauna.

Batula ce ta fara. Ta saki silifa, ta dafe bango tana dariya har da hawaye. "Kwana goma ina zagin bawan Allah, ashe ma babu shi!" Goni ya so ya riƙe girma, ya buɗe baki zai yi magana, kumfan gemunsa ya fashe, shi ke nan shi ma ya zube kan buhu. Bubayero kuwa har ya durƙusa yana dukan ƙasa. Duk sanda suka lafa, wani ya dubi wani a sake sabuwa.

Da suka samu kansu, aka kashe inji, aka yanke inda ɓeran ya ci, aka haɗa bakin biyu da guntun bututun ƙarfe, Bubayero ya ɗaure da waya tamau. Aka sake kunnawa. Allura ta hau, injin ya tsaya, ita ma ta tsaya inda take.

Goni ya koma shago kusan da gudu. Ya sunkuci bindiga ya hau bencin da ya bari rabi, tas, tas, tas, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai rabon goro. Bubayero ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin yana ba maƙwabta labari. Goni bai ɗaga kai ba har ya kai ƙarshen katako.

Da Bubayero ya miƙe zai tafi, benci ya miƙe tare da shi. Ƙusa huɗu ne a gefen babbar rigarsa, kowace ta shige har kai.

Ya duba, ya koma ya zauna, ya gyara hula.

"To, madalla. Tunda an kafe ni, a gaya wa uwargida ta ɗora tukunya. Kuma da nama."

Goni ya tafi neman filaya, yana tafe yana tsayawa, dariya ta hana shi gani.