Ranar da Lasifikar San Roque Ta Yi Shiru

Luming na tsaka da juya kunun shinkafa a ƙatuwar tukunya a bayan gidan maƙwabciyarta Choleng, sai ɗan allon rubutun da ta rataya a wuya ya kwance ya faɗi gefen murhu. Ta sunkuya ta ɗauka, ta goge tokar da gefen rigarta.

"Ate Luming, gishiri ya ji kuwa?" in ji ɗaya daga cikin matan da ke yanka citta, don Ate, wato yaya, kowa ke kiran ta. "Au, na manta! Kada ki amsa, don Allah. Bar mu mu more. Kwana tara ke nan har kifin kasuwa ya samu barci."

Matan suka kwashe da dariya. Luming ta nuna ta da ludayi, ta zare ido. Amsar na nan a kan harshenta, mai zafi, irin wadda za a yi sati ana maimaita ta a unguwa. Ta haɗiye abarta. Haɗiyewar ma da ciwo.

Duk wanda ya san kasuwar Bauan ya san muryar Luming mai kifi. Daga tashar mota ake jin ta. Kuma ba kasuwa kaɗai ke cin moriyarta ba. In an yi mutuwa a unguwarmu San Roque, ita ke jan addu'ar kwana tara. In mawaƙan coci sun yi ƙaranci, ita ake turawa a kira. Mara lafiya, mai jego, miji da mata da suka kaure, duk Luming. Ba ta iya cewa a'a ba, mu ma mutanen unguwa, in za a faɗi gaskiya, ba mu taɓa koya mata ba, don ba mu ga ribar hakan ba. Haka muryar ta yi ta dishewa har bara ta fara tsagewa. Likita ta leƙa, ta ga tsiro a maƙogwaro, ta cire.

"Sati biyu babu magana, Aling Luming," in ji likitar, tana kallon ta ido cikin ido. "Ko tari za ki yi, ki yi shi da dabara. Raɗa ma ta fi magana illa. In wurin nan ya yi tabo, murya ta tafi ke nan, kuma ba ni da wata a aljihu da zan saka miki."

Saura kwana biyar. Sai ga Mako Mai Tsarki, makon tunawa da gicciye Yesu, ya faɗo a tsakiya.

Pabasa kuwa, waƙen da ake rerawa duk shekara a wannan makon, ba ya jiran kowa. Tun jiya da safe aka fara rera labarin shan wahalar Yesu a rumfar da aka kafa a ƙofar gidan Choleng, baiti bayan baiti, ana karɓa-karɓa, lasifika a ɗaure kan mangwaro tana kai shi kowane gida. Ƙa'idar ɗaya ce: in an fara, ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Shekara arba'in da biyu, tun da uwar Choleng ta fara shi, ba a taɓa yankewa ba. Ko shekarar da uwar Choleng ta yanke jiki ta faɗi a rumfar, ana kinkimar ta zuwa asibiti ana rerawa.

Luming na da nata dalilin. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ɗanta Dante yana ɗan shekara huɗu, zazzaɓi ya kai shi inda likitoci suka daina haɗa ido da ita. Ta durƙusa a barandar asibiti ta yi wa Ubangiji wa'adi: ya bar mata shi, ita kuma za ta rera duk shekara muddin tana numfashi. Yaro ya tashi. Tun daga nan ta ɗauki lokacin da kowa ke gudu, daga sha biyu zuwa huɗu a rana ta biyu, sa'ar da rana ke dafa mutum a zaune. Yanzu Dante ƙato ne, yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, wata tara babu komai a ƙarƙashinsa sai teku. Tsoronta ke nan, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. In ta karya nata, me zai hana a karɓe abin da aka ba ta?

Mijinta Berting, mai babur ɗin haya, ya yi ƙoƙarinsa jiya. "Na tambayi Fada, limamin cocinmu," ya ce. "Ya ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne da zai biyo ki da ciniki."

Ta rubuta a allo: *Fada bai haifa ba.*

Duk da haka an yi shiri. Matan cocin Santa Rita sun yi alkawarin zuwa su riƙe lokacinta, ita kuma ta koma bakin murhu, don dai kada a ce ba ta yi komai ba. Tun safe take ciyar da masu rerawa, ita ko cokali ɗaya ba ta kai baki ba.

Wajen ɗaya da rabi ta lura sautin lasifikar ya canja. Murya ɗaya ta rage, siririya, tana rawa. Lola Sinang ce, wato Kaka Sinang, tsohuwa mai shekara tamanin da uku, wadda tun sha biyu ya kamata a ce ta je ta kwanta.

Choleng ta shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, waya a hannu.

"Ate, mun shiga uku! Motar matan Santa Rita ta lalace a hanya, sun ce sai nan da awa guda. Lola ta kusa faɗuwa. Na buga wa kowa, wannan tana wurin aiki, waccan wai kanta na ciwo." Ta kama hannun Luming. "Zo, don girman Allah."

Luming ta nuna maƙogwaronta.

"Na sani, na sani! Ba ihu za ki yi ba. A hankali, baiti goma kawai, lasifika za ta yi sauran. Haba, Ate! Shi da ya ba da ransa gaba ɗaya a kan gicciye, ke ɗan maƙogwaro?"

Maganar ta shige ta, don ita ma tun safe abin da take faɗa wa kanta ke nan. Ta ajiye ludayi ta bi ta.

Rumfar kamar tanda. Kujeru talatin, mutum huɗu a kai, biyu ma gyangyaɗi suke. A gaban siffar Yesu ɗauke da gicciye kyandir ya lanƙwashe saboda zafi. Lola Sinang ta ɗago idanu jajaye, ta ga Luming, fuskarta ta saki kamar wadda aka sauke wa kaya. Ta tura mata makirufo tun ba ta ƙarasa baitin ba.

Luming ta zauna ta karɓa. Ba ta bukatar duba takardar, baitin da ke biye yana cikin kanta tun kafin a yi wa Dante kaciya. Ta ja numfashi, ta ji wurin da aka yanka ya ɗan ja, ɗanye sharaf.

Sai idonta ya sauka kan ƙofar gidan Choleng, da ɗan bencin da ke gefenta.

A kan bencin nan ta yi kwana goma sha biyu, shekara uku da suka wuce, lokacin da aka yi wa Choleng aiki a ciki. Da tsintsiya a hannu ta zauna. Ta kori masu dubiya, ta kori masu neman aron tukunya, har malamin coci da ya zo neman sa hannu ta mayar da shi daga bakin ƙofa. Ranar da Choleng ta tashi za ta yi wanki, Luming ta yi mata faɗan da aka ji har bakin titi: jikin nan ba naki ba ne, amana ce. Da a ce yau wata ce aka yanka wa maƙogwaro aka miƙa wa makirufo, wace ce za ta fizge shi ta bi Choleng da ludayi? Ita ce. Babu wanda zai riga ta.

To, me ya sa wannan matar kaɗai ba ta da mai tsare mata ƙofa? Ita ma an yi mata baftisma. Shi da ke ɗauke da gicciyen can, ai har don ita ya ɗauka. Duk San Roque babu gidan da Luming ba ta kai wa kunu ba, sai mace ɗaya, mai kifi, matar Berting.

Kuma ga wani abu da ya ba ta kunya: tana son muryarta. Ba don gawa ba, ba don coci ba. Tana son ta ƙwala kira a kasuwa ta ga kawuna sun juyo. Tana son ta yi wa Berting tsiya yana dariya. Tana son 'yar waƙar da take yi ita kaɗai in tana wanke faranti. Ta jira ta ji zuciyarta ta tsine mata saboda wannan son, amma ba ta ji ba.

Lola Sinang ta kai ƙarshen baitin, muryarta ta ƙare. Duk suka zuba wa Luming ido.

Ta ajiye makirufon a kan tebur.

Shiru. Kai, ba mu taɓa sanin unguwar nan na da irin wannan shirun ba. Aka ji fanka na juyawa, aka ji kaza a bayan gidan wani. Luming ta rufe ido. A ranta ba ta ganin komai sai teku.

"Ate!" Muryar Choleng ta tsage. "Shekara arba'in da biyu! A hannuna abin uwata zai mutu?"

Luming ta ɗauki alli, ta rubuta ta juya mata allon: *Wa ya tsare miki ƙofa?*

Choleng ta karanta. Ta juya baya tana share ido da bayan hannu.

Daidai nan Berting ya faka babur ɗinsa, ya zo neman abincin rana. Ya dubi matarsa, ya dubi makirufon da ke kwance, ya cire hula. Mutumin nan shekara talatin da ɗaya yana kawo ta rumfar nan yana komawa, bai taɓa zama ba.

"Matsa min," ya ce. "Ina aka tsaya?"

Ta kalle shi kamar ta ce ka haukace. Ya zauna abinsa. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin, ta fara buga masa kari a gwiwa da ɗaya hannun.

Yesu mai ceto! Ba a taɓa jin abu irin wannan a lasifika ba. Ya hau inda ake sauka, ya sauka inda ake hawa, yana tuntuɓe da kalmomi yana komawa baya. Masu gyangyaɗi suka farka a firgice. Lola Sinang ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Shirun nan ya riga ya fito da mutane ƙofar gida, muryar Berting kuma ta ƙarasa aikin. Mai ciwon kan nan ce ta fara isowa, tana ɗaura gashi a hanya.

"Mang Berting, ka ji tsoron Allah! Wahalar da Ya sha ba ta isa ba sai ka ƙara masa?"

"In kin fi ni, ga kujera," ya ce, bai ɗago ba, ya ci gaba.

Ta zauna. Matan da ke yanka citta suka fito suna goge hannu. Mai aski ya rufe shago ya zo, wai shi ma ya ɗan iya tun zamanin kakarsa. Kafin biyu ta yi mutum goma sha ɗaya ke rerawa, sun danne Berting, shi kuwa ya ƙi sakin makirufo. Ashe duk sun iya. Shekara da shekaru suna kwance a gida suna jin Luming daga kan mangwaro.

Ba ta samu ta ji haushi ba, don wayarta ta hau ruri a aljihu. Ta duba. Lambar jirgin su Dante ce.

Dante ba ya kira da rana. Bai taɓa ba.

Ta miƙe, ta zaga bayan gida ta jingina da bango. Ta danna, ta kara a kunne.

"Nanay?"

Muryarsa ce, yana kiran ta yadda ya saba kiran uwarsa. Ta sulale ta zauna a kan buhun gawayi.

"Nanay, wa ke yanka akuya a rumfar Tita Choleng? 'Yarta ta turo min bidiyo yanzu. Duk abokan aikina sun taru a kaina, wani har hawaye yake. Na rantse musu ban san mutumin ba." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Amma gaya min gaskiya. Na san halinki. Ke kin rera?"

Tun ranar aikin suka shirya: ƙwanƙwasa ɗaya e, biyu a'a. Ta sa farce ta ƙwanƙwasa wayar sau biyu.

Ta ji ya sauke dogon numfashi, daga can wani wuri da ba ta san sunansa ba.

"Madalla. Tun safe hankalina ke kanki." Sannan ya ƙara da cewa, "Watan Yuni zan sauka. Na tara laifuffuka da yawa, Nanay, kuma ba na son in karanta faɗana a allo."

Ta dafe maƙogwaro da hannu don kada dariya ta fito. Hawaye ne suka fito a madadinta, su kam likita ba ta hana ba.

Bayan ya kashe ta daɗe a zaune da wayar a cinya. Daga nan bayan gida waƙar na zuwa mata ta saman rufi, muryoyi barkatai, na Berting na leƙowa jefi-jefi. Ba ta taɓa jin ta daga waje a wannan lokacin ba.

Takalmi ɗaya ya tsaya a gabanta. Choleng ta dangwarar da kwano a kan kujera har kunun ya fantsalo, ba ta kalle ta ba.

"Ban yafe ba tukuna," ta ce. "Sha tun da zafinsa."

Ta ja ƙaramin benci ta zauna a bakin hanyar da ke shigowa daga rumfa. Can wata ta leƙo tana kiran Ate Luming, wai citta ta ƙare.

"Tana cin abinci," in ji Choleng. "Je ki nema da kanki."

Luming ta ɗauki cokali. Gishirin bai ji ba. Ta shanye duka.