Motar Suruki

Ado na ta cusa hannayensa cikin aljihun babbar riga lokacin da suka sauka daga babur a ƙofar gidan Alhaji Mai Nasara. Rigar ta aro ce, ta yi masa yawa. Hannayen kuwa ko sabulun duniya aka ƙarar a kansu ba za su ɓoye sana'ar mai su ba, don baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin farata.

"Ka tuna dai," in ji Zakariya'u, murya ƙasa-ƙasa, "gaisuwa ka zo. Kai abokina ne, ba makanike ba."

"Na ji, Mushe. Amma tunda nake ban taɓa ganin mai sayen mota yana ɓoye makanikensa kamar kayan sata ba."

"Ba ka taɓa sayen mota a hannun surukinka ba, shi ya sa."

Zakariya'u malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a cikin Damagaram, inda ake kiran malamin boko Mushe, mutum mai sanyin hali, wanda ba don larura ba ko mafarkin mota ba ya yi. Larurar kuwa Innarsa ce. Tana zaune a wani ƙauye gaba da Dakusa, ƙoda ta daina mata aiki, kuma duk Litinin da Alhamis sai an kawo ta babban asibiti an yi mata wanki. An yi an yi ta dawo birni ta ƙi, ta ce ita ba ta barin ɗakinta. A watan jiya motar haya ta mace da su a hanya, suka rasa ranarsu. Kafin wata ranar ta zagayo Inna ta kumbura, numfashi na fita da ƙyar, tana kallonsa ba ta iya magana. Tsoron da ya ji a kwanakin nan bai taɓa jin irinsa ba. A nan ya yi alkawari, kafin damina ta faɗi sai ya sayi 'yar ƙaramar kat-kat, irin motar da ke ja da ƙafa huɗu, ko ta hannu ce, mai iya rairayi da laka.

Labari ya kai kunnen Alhaji Mai Nasara, mahaifin matarsa Raliya. A wajen wani suna, gaban jama'a, Alhaji ya ce, "Malam Zakari, me zai kai ka wurin dillalai ga mota a gida? Ka ɗauki tawa, ka ba da abin da ya sawwaƙa." Mutane suka yi ta madalla. Zakariya'u ya durƙusa, kai a ƙasa, ya yi godiya. To me zai ce? Shekara goma sha ɗaya da auren nan, bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Mutumin da ya ba ka 'ya bai bincike ka ba, shi za ka kawo wa makanike ya leƙa ƙarƙashin motarsa?

Raliya ce ta tayar masa da hankali. Tana ninkin kaya ta ce, "Ni fa ban ce komai ba, Malam. Amma Hajja ta daina shiga motar nan tun bara, kuma ba ta faɗi dalili ba." Hajja ita ce mahaifiyarta.

Shi ya sa ya je wurin Ado. Ado kuwa sharaɗi ɗaya ya kafa, a je da sassafe, tun ba a tayar da motar ba. Ya ce inji in ya ɗauki zafi yana iya rufa wa kansa asiri, amma da sanyin safiya ba ya ƙarya.

Suka yi sallama suka shiga ta ƙofar gareji. Motar na nan, fara tas, tana sheƙi, kyakkyawa ba laifi. Sai dai kapo, murfin injin, a buɗe yake, kuma Ɗanƙarami, tsohon direban Alhaji, yana tsaye da buta yana ɗura wa radiyata ruwa. Da ya gan su ya tsaya cak, ruwa na zuba a kan takalminsa.

"Sannu da aiki, Baba Ɗanƙarami," in ji Zakariya'u. "Alhaji ya fito?"

"Da saura. Yana lazimi."

Ado bai jira an gama gaisuwa ba. Hannayen nan da aka ce ya ɓoye suka fito da kansu. Ya murɗe murfin baƙin mai, ya juya shi, ya miƙa wa Zakariya'u. A cikin murfin akwai wani kumfa mai kauri, kalar shayi da madara.

"Ka gani? Ruwa na shiga cikin mai. Baba, buta nawa take sha?"

Ɗanƙarami ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi ƙasa. "Ɗaya. Da zafi, biyu."

"Tayar mana ita."

Sai da ta yi tari sau uku kafin ta kama, ta tashi tana rawar jiki, farin hayaƙi ya cika garejin. Ado ya shiga ya taka birki ya sa giya. Shiru. Ya ƙirga da yatsu, ɗaya, biyu, uku, sannan motar ta zabura kamar an tsikare ta. Ya zaro sandar man bwat, wato man giya, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce warin ƙonewa yake. Ya nuna wa Zakariya'u agogon kilomita, lamba kaɗan abin sha'awa, sannan ya nuna masa robar birki da ta cinye har ƙarfe ya fito.

"Agogo ya ce yarinya ce, ƙafa ta ce ta yi jika. An mayar da shi baya tun kafin ta shigo ƙasar nan."

Daga nan ya manta da rigar aro sam, ya kwanta ya shige ƙarƙashi. Muryarsa ta riƙa fitowa daga can. Tsatsa ta ci ƙarfen ƙasa, irin ta motocin da suka taka gishiri a ƙasashen ƙanƙara.

"Innalillahi. Mushe, wannan ai kat-kat ce a suna kawai. Sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya babu ita, an cire. Rairayin farko da za ka shiga bayan Dakusa, a nan za ku wuni."

Zakariya'u ya hango Inna a zuciyarsa a kujerar baya, rana ta take, taya na haƙa rami. Sai kuma wani tunani mai ɗaci ya biyo baya. Ashe Alhaji ya sani? Da saninsa ya miƙa masa wannan a gaban jama'a?

Ɗanƙarami kamar ya karanta fuskarsa. Ya ajiye butar ya matso.

"Kada ka zargi Alhaji, Malam. Wallahi bai sani ba. A hannun amininsa ya saya, Alhaji Rashid, Allah ya jiƙansa. Ko zagaya ta bai yi ba, ya ce shi da Rashid babu dube-dube. Sati biyu na gane halinta. To ni wa? In je in ce masa amininsa ya ba shi mota mai ciwo? Bayan wata huɗu kuma mutumin ya rasu. Sai na riƙa sammako ina ba ta ruwa, in ɗumama ta kafin ya fito. Ba na barin kwalta, ba na wuce Mirriya. Shi yana baya da carbinsa, ina zai sani?"

"Hajja fa?"

"Ta mace da mu sau ɗaya a hanyar biki. Ita ce ta ce in rufa, kada ransa ya ɓaci."

Gyaran murya suka ji. Alhaji Mai Nasara na tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, yana kallon ƙafafu biyu da gefen babbar riga da suka leƙo daga ƙarƙashin motarsa.

Zakariya'u ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Wannan kuma wane ne?"

Amsar a shirye take, tun jiya ya haddace ta. Abokina ne, gaisuwa ya zo. Da ita da "zan yi shawara", mutum na iya zamewa a hankali, magana ta mutu da kanta, kowa ya riƙe girmansa. Sai dai Alhaji ba mai mantuwa ba ne, gobe zai aiko da makulli har gida, kuma jibi Alhamis.

"Makanike ne, Baba. Ni na kawo shi."

Ado ya jawo jiki ya fito, gaban rigar ya yi baƙi ƙirin, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya durƙusa shi ma.

"Makanike," in ji Alhaji a hankali. "A gidana. Maganata ba ta ishe ka ba ke nan."

"Ta ishe ni, Baba. Da ni kaɗai zan shiga, wallahi ko ba inji zan karɓa in gode." Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Inna zan riƙa ɗauka. In ta tsaya da mu a daji rana ɗaya, ban san ko zan dawo da ita da rai ba. Na gwammace ku yi fushi da ni."

Alhaji ya kalle shi. Sannan ya juya ga Ado.

"Kai, me ka gani?"

Ado ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo kan sandar da aka cire, Alhaji ya runtse ido. Ya tambayi Ɗanƙarami ko gaskiya ne, tsohon ya gyaɗa kai yana share hawaye da gefen rawani.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwanta, Alhaji."

"Shekara biyu," in ji Alhaji. "Ina shiga ina fita, ina yaba ta a majalisa. Kowa a gidan nan ya sani ban da ni."

Zakariya'u ya ji tausayin tsohon ya kama shi fiye da kunyar da ya shigo da ita. Alhaji ya taka a hankali zuwa gaban motar, ya leƙa cikin injin kamar baƙon da ya leƙa ɗakin da ba nasa ba. Ya ɗauki murfin man, ya shafa kumfar da yatsa, ya dube ta.

"Rashid ma ƙila bai sani ba," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ƙila shi ma haka aka ba shi."

Ya ajiye murfin, ya goge yatsan a jikin sandarsa.

"Malam Ado, akwai ta kirki a garin nan?"

"Ana samu, Alhaji, in an yi haƙuri an duba."

"To ku je ku duba. Ka shiga ƙarƙashinta kamar yadda ka shiga ƙarƙashin wannan, ko ta wace ce." Ya juya zai koma ciki, sai ya tsaya bai waiwayo ba. "Malam Zakari."

"Na'am, Baba."

"A gaban mutane na ba ka motar nan, za su tambaye ka. Kada ka ce ka ƙi. Ka ce ni na fasa."