Tattakin Manu Zuwa Ningi

A shekarar da Manu ya gama sakandare a Birnin Kudu, ya cike takardar neman shiga karatun likita a ƙasar waje. Akwai gurbin da aka tambayi abin da yake sha'awa bayan karatu. Wani malaminsa ya ce Turawan da ke tantancewa suna son mai doguwar tafiya a ƙasa, don haka ya rubuta cewa yana shirin takawa har Ningi.

Sai abin ya tsaya masa a rai. Niyyar da aka ƙulla don takarda kawai, niyya ce ko ƙarya? Ya kasa aikawa, ga ranar rufewa tana matsowa. Ya je Dingaya wajen ƙanin mahaifinsa, Bappa Buba, makiyayi, ya faɗa masa zancen takardar da tafiyar Ningi.

"Da shanu nawa za ka?" in ji Bappa.

"Ba shanu, Bappa."

"Ta'aziyya ce?"

"A'a, tafiya ce kawai."

Bappa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai da kake wuni a tasha kana jiran motar Gwaram? To, likita, jibi zan kora shanu Ningi. Ka biyo ni takardarka ta zama gaskiya."

Kwana huɗu suka yi a hanya. Manu ya isa ƙafafu a kumbure, yana dogara sandar Bappa. Kafin ya jefa takardar a gidan waya, ya ƙara layi ɗaya: ya riga ya yi tafiyar, kuma ba ya shirin sakewa.