Shida Gaba, Takwas Sama

Lauwali ya tsufa yana tuƙa trotro, bas ɗin haya, tsakanin Nima da Tudu, har gwiwa ta hana shi taka kuloci. Da ya ajiye mota, baki ya rage masa. A bencin ƙofar gidansu a Maamobi, in gardama ta tashi kan wace hanya ta fi kusa zuwa wuri kaza, shi ake jira ya yanke. Boko dai bai wuce rubuta sunansa ba. Amma zancen nisa, to nan kada ka taɓa shi.

Wata Lahadi da la'asar ya tarar da autarsa Najat a kan tabarma tana aikin gida. Tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, babbar jarrabawa na tafe. A gabanta wata takarda ce mai ƙananan gidaje kamar raga, da ɗigo biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya can sama ta dama.

"Me ake nema?"

"Nisan da ke tsakanin ɗigon nan da wancan, Baba."

Sai ya gyara zama. Shekaru tana shigo da aikin da ko leƙawa ba ya iya yi, yau ga abu ya faɗo layinsa.

"Nawa kika samu?"

"Goma."

Ya ɗora yatsa a ɗigon ƙasa ya tuƙa shi a kan layi. Gida shida gaba, ya yi kwana, gida takwas sama.

"Sha huɗu."

"Baba, ba haka ake yi ba. Shida sau shida, takwas sau takwas, in an haɗa ɗari ne, sai a nemi..."

"Ɗari kuma? Ta wace ƙofa ɗari ta shigo? Ke, layukan nan tituna ne. Kin taɓa ganin mota ta ratsa ta tsakar gidan mutane? Goge."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi abokansa da suka leƙo daga benci suna gyaɗa kai. Ta goge.

Ran Talata takarda ta dawo da jan biro a kan sha huɗun. Luba, uwar yarinyar, ta ce, "Malam, ka bar su da bokonsu." Bai ko juyo ba. Washegari ya zura babbar riga ya nufi makarantar.

Malamin lissafin, Ticha Tawfiq, ɗan tsohon yaron motarsa ne. Lauwali ya san shi tun yana yawo ba wando. Ticha ya rusuna ya gaishe shi a ƙofar aji, ya ce su je ofis.

"A'a. A gaban yara ka ƙaryata ta, a gaban yara za ka gyara."

"Baba, don Allah mu je ofis."

"Nan."

Ticha ya ɗauki alli. Sannan ya juya ga allon da ke da gidajen raga, ya saka ɗigo biyun da alli. Ya ciro zare daga aljihun tebur.

"Baba, riƙe mini nan."

Lauwali ya danne bakin zaren a ɗigon ƙasa. Ticha ya ja shi a miƙe, a karkace, har ɗigon sama, ya tsinke shi daidai nan. Ya kwantar da guntun a kan layin ƙasa.

"Tambayar ba ta ce mota ba, Baba. Miƙaƙƙen nisa ake nema. Ƙirga gidajen da kanka."

Lauwali ya soma da muryar tasha, wadda ake ji daga tsallaken titi. Ɗaya, biyu, uku. Wajen takwas muryar ta fara sauka. Tara. Goma. Zare ya ƙare.

Daga bayan aji wani ya ce wa abokinsa, "Chale, direba ya bi doguwar hanya, ya zaga ta Kotobabi."

Ajin ya fashe. Ticha ya buga tebur, amma dariya ta riga ta fita. Lauwali ya ji zufa na bin bayansa a cikin babbar rigar. Mai hankali a nan zai yi sallama ya tafi. Shi kuwa bakin nan nasa ya riga shi.

"Zare ai yana miƙewa. Najat! Tashi ki nuna musu yadda muka yi."

Ta taso a hankali, kanta a ƙasa. Ta karɓi alli. Ta rubuta shida, ta rubuta takwas, ta tsaya. Ta waiwayo ta dube shi sau ɗaya. Sai ta sa alamar haɗawa a tsakaninsu, ta rubuta ɗaya, ta soma zana huɗu.

Babu wanda ya yi dariya yanzu. Ticha ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Lauwali ya ga yadda ƙawayenta ke kallon juna. Yarinyar ta san amsar tun ran Lahadi. Ga shi za ta tsaya gaban sa'o'inta ta zama daƙiƙiya, don kada ubanta ya fita da kunya shi kaɗai.

"Tsaya."

Lauwali ne ya faɗa.

"Ticha, goma ta rubuta a gida. Ni na hana ta." Ya juya ga 'yarsa, bai iya haɗa ido da ita ba. "Yi naki, uwata. Yadda aka koya miki."

Ta share da tafin hannu. Talatin da shida, sittin da huɗu, ɗari, sai wata alama kamar ƙugiya a kan ɗarin. Allin na ƙara gudu. Bai gane ko ɗaya ba sai na ƙarshen, goma.

Ticha ya jawo masa kujera. Lauwali ya girgiza kai, ya tattara hannun rigarsa ya fita. A bayan tagar ajin ya ji Ticha na cewa a tafa mata. Ya tsaya jikin bango, inda ba mai ganinsa, har tafin ya ƙare.