Kabarin Martina a Gidan Haya

Shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji, Bartholomew ya aiko wa ƙanwarsa Afiniki saƙo daga Ikko ta bakin wani direban jirgin ƙasa: ta zaga Kafanchan ta zaɓa masa gidan da zai saya a unguwar da ma'aikatan reluwe za su so kama haya. Shi dai rabonsa da garin tun kafin yaƙin basasa, amma daga can nesa yake ganin gida ai ɗakuna ne kawai da ƙofa.

Afiniki ta ɗauki Ƙasimu dillali suka shiga gari. Ta gefen fadama ta ga shatin ruwan damina a bango har gwiwa, ta wuce. Bayan kasuwa kuwa babu rijiya. Sai kusa da tasha suka sami abin da ake nema: gida a kan tudu, rijiya mai daɗi, ma'aikata na wucewa safe da yamma. Mai gidan wani tsoho ne, Baba Kambai, wanda ƙafa ta gaza masa, ɗansa zai tafi da shi Kauru.

A tsakar gidan akwai kabari shafe da siminti, an share gefensa tas.

"Matata ne, Martina," in ji tsohon. "Yana nan tare da ni tun da ya huta."

Ƙasimu ya ja Afiniki gefe, ya sassauta murya. "Mama, gaskiya babu wanda zai kama haya da kabari a ƙofar ɗakinsa. Masu saye baje shi suke yi, su ɗora ɗakuna."

Ta san Bartholomew sarai, haka zai ce a yi, kuma ba zai rasa barci ba.

Baba Kambai bai ji su ba, amma ya gane. Bai roƙi kowa ba. Ya dai tambaya, "Yarinya, wa zai share shi?"

Afiniki ta dubi simintin. Mijinta Silvanus soja ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba, ko takalminsa ba a kawo mata ba.

"Malam Ƙasimu," ta ce, "a gaya ma yayana unguwa ya yi. Kuma ya riga ya samu ɗan haya na ɗakin nan mai kallon kabari. Ni ne."

Ta juya ga tsohon. "Baba, ni ba ni da inda zan share. Ka bar mini naka."