Hoton Arɗo a Allon Waje

Tasalla na shigowa shago ta ga Alhaji Ubale zaune a kujerar baƙi, ya kafa wa allon kwamfuta na waje ido.

A ƙarshen 1998, kwamfutar shagonsu ce abin kallo a Tudun Wada, don alluna biyu gare ta. Ɗaya na kallon mai aiki, ɗayan na kallon wanda ya kawo aikin, ya ga katinsa ko fostarsa ya ce a gyara nan, a ƙara can. Mijinta Ɗantani ne ya sayo ta a Kano, amma Tasalla ce ta koyi halinta. Ta gano furogiram ɗin zane kamar kaza yake: inda ya kwana jiya, nan zai koma yau. A allon da aka rufe shi, a nan zai buɗe, kuma da aikin ƙarshe da aka yi. Shi ya sa ba ta taɓa rufe shi sai ta jawo shi allonta.

Jiya kuwa ba ita ta rufe ba.

Ta ja Ɗantani bayan labule. "Maigida, da ka nuna wa Malam Balarabe fostarsa jiya, a ina ka rufe?"

Ya sosa ƙeya. "A inda ya gani mana."

"Allon waje?"

Ya gyaɗa kai.

Malam Balarabe da Alhaji Ubale kujerar kansila ɗaya suke nema. A fostar Balarabe akwai hotonsa riƙe da hannun Arɗo Dikko, dattijon da rugagen gefen dajin Falgore ba sa tsallake maganarsa. Balarabe ya roƙi Tasalla kada ido ya ga hoton sai ranar kasuwa, don in Ubale ya ji, zai riga shi zuwa ruga ya ɓata shirin. Ta ce masa amana ce. Yanzu amanar na kwance a allon da Ubale ya tasa a gaba. In ta fito, babu mai sake kawo musu ko katin suna.

"Malama Tasalla," in ji Alhaji daga waje, "ko sai na aiko da goro kafin a kunna?"

Ta fito da murmushi. "Ranka ya daɗe, ina kwana. Ya iyali? Ga shayi can wajen mai shayi, ka ɗan taɓa kafin kwamfutar ta yi zafi."

"Na karya a gida. Nan zan zauna. An ce tana tashi da aikin jiya, ina so in ga ikon Allah."

Ta waiga ta dubi mijinta. Ɗantani ya sami abin kallo a silin. Wato har wannan ya faɗa a majalisa.

Ta zauna, ta kunna. Allunan biyu suka yi haske. Alhaji ya gyara zaman hularsa ya matso da kujera. Za ta iya miƙa hannu ta kashe allon waje, amma furogiram ɗin can zai buɗe a duhu, inda ba ta ganinsa balle ta jawo shi, kuma da an kunna hoton zai bayyana. Sai ta bar shi tukuna. Ta shiga wurin saitin alluna, ta cire alamar da ke haɗa na waje da nata. Allon Alhaji ya yi baƙi ƙirin.

"A'a. Ya mutu?"

"Bai mutu ba, na sallame shi ne na ɗan lokaci."

Ta buɗe furogiram ɗin. Ya nemi makwancinsa na jiya bai samu ba, dole ya faɗo allonta. Ga Balarabe, ga Arɗo da rawaninsa, suna dariya a gindin bishiya. Ta rufe aikin, ta buɗe farar takarda, ta mayar da alamar, ta ja takardar zuwa gaban Alhaji.

Ya daɗe yana kallon farin allon. "Me kika ɓoye?"

"Aikin wani. Naka ma haka zan ɓoye shi in wani ya zauna a kujerar nan."

Alhaji ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ɗantani, matarka ta fi ka ƙulli a baki. Abin da na zo gwadawa ke nan." Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya zaro hoto. "To ga nawa sirrin. Kada ido ya gani sai ranar kasuwa."

Tasalla ta karɓa. Alhaji Ubale ne riƙe da hannun Arɗo Dikko, a gindin bishiyar nan dai, Arɗo da rawanin nan dai, da dariyar nan dai.

Ko girarta ba ta motsa ba. "Babba kake so a sa shi, ko madaidaici?"

"Babba. Ya cika takardar."

Ranar kasuwa fostocin biyu suka wayi gari manne a bango ɗaya, gari ya ɗauka da dariya. 'Yan takarar suka yi ta zargin juna, amma babu wanda ya ambaci shagon da mugun baki. Da yamma mutanen Kiru biyu suka shigo da aiki, suka ce an ce a nan ne sirri ba ya fita.

Ɗantani ya miƙa hannu zai rufe furogiram ɗin, ya tsaya, ya jawo shi allon ciki tukuna. Tasalla ta gani, ta ci gaba da yanka takarda.