Ranar Da Aka Yi Garkuwa Da Sunan Jikana

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun a bakin ƙofarsa aka karanta mini tarihi, kamar yadda ya dace a yi wa baƙo mai daraja. Wanda ya fara garkuwa da maganar mutane, in ji mutanen ƙasar mafarkin, wani jemage ne mai suna Ɗan-Lami, a zamanin Sarki Karkata na Biyu, shekarar da aka kafa turken sadarwa na farko. Ya rataya a jikin waya, ya tare gaisuwar wata tsohuwa, ya ƙi sakinta sai da aka ba shi ɓaure. Daga kansa sana'ar ta bunƙasa. Na yaba da wannan bayani ƙwarai, domin ni ba na shiga al'amari sai na san wanda ya fara shi.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. An yi wa ɗana Sagiru haihuwa, ɗa namiji, a wani gari mai nisa, kuma da safiyar nan ake raɗa suna. Tun zamanin kakana, dattijon gida ne ke zaɓen sunan jariri a zuriyarmu, kuma ba ya furta shi sai a ranar. Na riga na zaɓi Zubairu, sunan mahaifina. Idan ba a ji daga gare ni ba har liman ya zauna, to za a waiwayi Alhaji Na'iya, mahaifin mai jego, mutumin da sai bara waccan ya fara sanya babbar riga.

Na ciro waya na danna lambar Sagiru. Sai ga wata ƙaramar sarƙa ta tsiro daga cikin gilashin, ta naɗe wayar tsaf. Wata murya mai ladabi ta ce, "Layinka yana hannunmu. Yana cin abinci, yana cikin ƙoshin lafiya."

Ana ruwa a lokacin. Ruwan yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, jama'a sun juya lemarsu sun tsaya a ciki. Na tattare rigata na nufi hedikwatar Kamfanin Ji-Ni-Nan, wanda layin dukan ƙasar ke hannunsa.

Manajan kamfanin bunsuru ne mai tabarau, yana zaune a kan teburinsa, kujerar kuma tana tsaye a gefe tana jiran umarni. Kowace kwamfuta a ofishin an ɗaure ta da sarƙa. Akuyoyi ma'aikata sun zauna gabansu suna tuƙa.

"Alhaji Mamuda, barka da zuwa," in ji manaja. "Babu abin da ya faru."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan sarƙa fa?"

"Ƙaramar tangarɗa ce. Mun riga mun fitar da sanarwa."

"Ta wace hanya, alhali duk layuka a ɗaure suke?"

"Ta waya mana. Idan aka sake ta, kowa zai gani."

Na nemi sanin yadda ɓarayin suka shigo, domin a gidanmu ba a yin jaje sai an ji yadda abu ya auku. Manaja ya gyara tabarau ya bayyana mini cewa wani saƙo ne ya iso cikin kwamfutar sakatariyarsa, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, har ya tambayi jikin tsohuwarta. Daga nan ya nemi a buɗe masa.

"Ita kuma ta buɗe?"

"Alhaji, baƙo ya yi sallama a bar shi tsaye? Tarbiyya gare ta. Har kalmar sirri ta miƙa masa, don kada ya ga kamar ana zarginsa."

A gaskiya ban ga inda yarinyar ta yi laifi ba. Sannan na tambaya ko ba su adana kwafin bayanansu a wani wuri ba, kamar yadda magabata ke raba hatsi rumbu biyu.

"Mun adana," in ji shi da alfahari. "A ɗaki ɗaya da na asalin, don su riƙa ɗebe wa juna kewa. Tare aka tafi da su."

"To za ku biya fansa ke nan?"

Ya miƙe tsaye a kan teburin. "Kamfanin Ji-Ni-Nan ba ya ciniki da ɓarayi!" Ya sunkuyo ya rage murya. "Mun biya tun jiya. Sun ce kafin alƙalami ne."

Sai na gan ni a ƙarƙashin wani turken sadarwa mai tsawo. A jikinsa aka ɗaure maganganun mutane kamar tumaki a kara. Ga kiran wata mata tana neman ungozoma, yana ta kai-komo a igiyarsa. Ga kiran wani ɗan kasuwa ya rame. Ga wani "ina nan tafe" da aka kama tun shekaranjiya, mai shi kuwa har yanzu bai tashi daga gado ba. Daga sama jikokin Ɗan-Lami suna rataye, sun buɗe teburin kula da jama'a, ƙafafunsa na kallon sama.

Wata jemagiya mai siririn mayafi ta tarbe ni. "Sannu da zuwa, Baba. A kawo ruwa?"

Wajibi ne in faɗi gaskiya. Tun da na fara hulɗa da kamfanin nan, ba a taɓa amsa mini da sauri irin haka ba.

Na ce, "'Yata, kira ɗaya nake so a sakar mini. Sunan jikana ne a ciki."

"Babu damuwa, Baba. Sai dai ba ma karɓar abin da ake taɓawa da hannu. Inuwa muke karɓa, ita ce ba ta barin sawu. Layinka zai buɗe gwargwadon tsawon inuwarka."

Na ji daɗi, domin ni dogo ne, kamar mahaifina. Na waiwaya in duba ta, sai na ga ta tsaya a iya ƙugu.

"Ina sauran?"

"Da ita kamfaninku ya biya mu jiya. Sun yanki rabin ta kowa. Ba su gaya maka ba?"

"Sun ce sun fitar da sanarwa."

"Tana can a ɗaure, ga ta kusa da kiran ungozoma."

Ta sa almakashi ta yanke abin da ya rage, ta naɗe shi kamar tabarma. Sarƙar wayata ta zube. Ta ce, "Yi sauri, Baba, guntuwa ce."

Wayar ta shiga. Na ji hayaniyar maza a ƙofar gida, na ji ana rabon goro.

"Baba! Alhamdu lillahi! Liman ya zauna, faɗi sunan!"

Na ce, "Sagiru, haka aka koya maka? Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba, sunan..."

"Kun tashi lafiya? Yaya mai jego? Yaya kwanan jariri? Yaya gajiyar baƙi?"

"Lafiya lau, lafiya lau, don Allah Baba..."

"Madalla. Ka gaishe da liman. Yanzu ka saurara, ka kuma maimaita wa jama'a. Wanda ya fara raɗa suna a zuriyarmu shi ne kakana Malam Jatau, a shekarar da aka yi fara. Bayansa sai mahaifina, wanda ya..."

Daga can na ji muryar Alhaji Na'iya, mai kaushi, kusa da wayar. "Malam, rana tana yi. In babu suna, a sa nawa, ba na rowa."

Na ɗaga murya na ce, "Saboda haka, bisa wannan tsari, sunan yaro..."

Sarƙa ta tsiro. Abu na ƙarshe da ya ratso layin shi ne muryar maroƙi yana shela: jariri ya ci sunan kakansa na wajen uwa.

Jemagiyar ta dube ni da tausayi. "Baba, da ka fara da sunan."

Na ce, "A gidanmu ba a taɓa yi ba."

Na zauna a gindin turken, cikin rana, ba inuwa, na yi lissafin yadda aka tashi. Jemagu sun sami rabin inuwar ƙasa guda, kuma sarƙarsu tana nan a hannunsu. Manaja ya riƙe teburinsa, an kuma ƙara masa girma saboda natsuwa. Alhaji Na'iya ya sami takwara. Ni kuwa na riƙe sunan Zubairu, sabo fil, ba wanda ya taɓa shi, kuma na yi gaisuwa cikakkiya ban tsallake ko ɗaya ba, a gaban shaidu.

Ina cikin duba ko na manta wani abu, sai injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi, na farka.